Wai akwai makullin da yake hana ɓarawon keke kuwa?

AbbanHanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 nake ta lissafin abin da adaidaita sahu ke ci min zuwa wurin aiki, yanzu dai na ajiye girman kai zan sayi keke. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar makulli. Wani abokin aikina ya ce kada in ɓata kuɗina, wai duk makullin da ɗan Adam ya ƙera ɗan Adam zai buɗe shi, in ɓarawo ya ƙwallafa rai a kan kekenka sai dai haƙuri. Ni ma na fara ganin kamar yana da gaskiya. Ku masu hawa kullum me kuka gani? In sayi mai tsada, ko ɗan makullin nan da yake zuwa manne a bayan keke ya wadatar?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Abokin naka bai taɓa komawa gida a ƙafa da ɗan makulli a aljihu ba, shi ya sa bakinsa ke da daɗi.

SarkinFaci:
Gyaran keke ne sana'ata, a bakin titi nake wuni, kuma duk wanda aka ɗauke wa keke wurinmu yake fara zuwa cigiya, don haka muna jin yadda ake yi. Makullin nan na baya mai siffar zobe, wanda ke zuwa da Phoenix da ire-irensa, tayar baya kaɗai yake hanawa juyawa. Ba ya hana a ɗaga keke. Ɓarawo ba ya ma wahalar da kansa da buɗe shi a wurin. Sirdi zai kama ya ɗaga baya, ya tura a kan tayar gaba, duk wanda ya gan shi ya ɗauka wurin faci za shi. Ko kuma su biyu ne, ɗaya ya tsayar da adaidaita a jefa a ciki. In sun je can sai a sa guduma a nitse.

Shi kuma na waya mai rigar roba, wanda ake nannaɗewa a ƙarƙashin sirdi, kaurinsa yaudara ce, rabinsa roba. Siraran wayoyi ne aka tufka a ciki, almakashin yankan rodi yana datse shi kafin ka ce kwabo. In kana da hali ka nemi sarƙa mai kauri irin ta ɗaure janareto, da kwado mai nauyi a hannu. Ka zura sarƙar cikin tsohon tif don kada ta kankare maka fenti, zo wurina in ba ka kyauta, sun cika min buhu. Abu mafi muhimmanci, ka haɗa bodin keken da wani abu da aka kafa a ƙasa.

Auta_Fagge:
Kai Sarki, wannan sarƙar ai ta fi keken nauyi hhh. Mutum ya sayi keke don ya huta, ya koma dakon ƙarfe.

SarkinFaci:
Auta, naɗe ta za ka yi a kan kariya, ba a wuyanka za ka rataya ba.

Injiniya_M:
Abokin AbbanHanifa yana da rabin gaskiya. Yanzu akwai injin yankan ƙarfe na hannu mai batir, irin na masu walda, kuma kusan duk makullin da za ka samu a kasuwa zai ci shi. Sai dai yana ƙara, yana tartsatsin wuta, kuma yana ɗaukar lokaci. Ɓarawon ƙofar kasuwa ba wannan yake so ba, shi abin da zai gama yana tsugune kamar mai gyara takalmi yake nema. Don haka lokaci kake saye da kuɗinka.

Ƙari a kan maganar Sarki: ba kowace sarƙa ba. Ta ɗaure akuya ko ta guga ƙarfe ne mai laushi. A nemi wadda aka gasa ƙarfenta ya yi tauri, kaurin kowace gaɓa ya kai milimita 10 ko kusa da haka. Sannan a duba wuyan kwadon, nan ne yawanci ake samun rauni. Sai ka ga sarƙa ƙatuwa an rataya mata ɗan kwadon akwati. Kuma kada a bar kwado yana kwance a ƙasa, don ƙasa ce ke ba mai guduma wurin duka, ita ce kuma ke ba mai almakashi wurin dogara hannu ɗaya ya hau ɗayan da nauyinsa. A ɗaure a sama, a matse, kada a bar sarari.

MalamNaTsangaya:
Ni abin da ya dame ni a maganar abokin nan shi ne ya yi kama da tawakkali alhali ba shi ba ne. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, ya ɗaure ta ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta ya yi tawakkali. Kuma in kun lura, mafi yawan kekunan da ake cigiya bayan an sallame salla na masu saurin riskar raka'a ne. Mutum ya ji an tayar da iƙama, ya jingine keke a bango ya ruga. Ɓarawon ya san tsawon raka'a huɗu sarai, ya san ba mai waiwaye.

Bakatsine77:
Allah ya gafarta Malam, musamman Juma'a da tarawihi. Ni da kaina na ga an yi sanarwar kekuna biyu a dare ɗaya cikin azumi.

ƊalibinHolan:
Bari in sa baki daga nesa. Ina karatu a ƙasar Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, kuma satar keke a nan abu ne na yau da kullum. Abin da zai ba ku mamaki, makullin zoben nan da Sarki ya kushe kusan kowane keke yana da shi. Amma ba sa barinsa shi kaɗai a wurin da za su daɗe. Zobe a baya, sarƙa kuma ta kama bodi da ƙarfen da aka kafa don ajiye kekuna. Dabarar ita ce ɓarawo sai ya yi aiki biyu, wani lokaci da kayan aiki iri biyu, shi kuwa ga na kusa da naka mai makulli ɗaya. Akwai wata hukuma mai suna ART da ke gwada makullai tana ba su taurari daga 1 zuwa 5, kamfanonin inshora ma sukan nemi mai tauraro 2 ko sama kafin su karɓi keke. Wani abin kuma, mutane da yawa tsohon keke mai tsatsa suke kaiwa tashar jirgin ƙasa, mai kyan yana gida.

Auta_Fagge:
To mu nan wa zai ba makulli tauraro? Mai shago zai rantse maka da abin da zai kashe shi cewa na Jamus ne.

Injiniya_M:
Ko masu sunan ma ana kama su. A 2004 an nuna a intanet yadda ake buɗe wasu makullan kamfanin Kryptonite na Amurka, masu ramin makulli zagayayye, da bututun biro na roba. Dole kamfanin ya riƙa canza wa mutane kyauta. Shi ya sa ni ban cika kallon suna ba, ƙarfen nake dubawa.

BabaMaiRali:
Ku yara kuna ta maganar makulli, mu a zamaninmu keke yana da lasin. Ka je ofishin En'e ka biya, a ba ka lamba ka maƙala, in ɗan doka ya tare ka babu ita, ko babu fitila da dare, ka shiga uku. Raleigh kuwa a lokacin har kamfaninsa akwai a Bompai nan Kano, asalinsa daga Nottingham ta Ingila. Malamin makaranta in ya sayi sabo sai an zo ganinsa. A naɗe bodi da leda mai launi, a sa madubi biyu, a sa ƙararrawa, ranar Juma'a a wanke a goge sifok ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Nawa yana nan a soro, sirdin fata ne, ya ɗauki siffar zamana har ba ya yi wa kowa daɗi sai ni. Rasit ɗinsa yana cikin adaka, an rubuta lambar bodi a kai. Abin da nake so in ce, a da kowa a unguwa ya san keken kowa. Baƙo ba ya tura Ralina ya wuce majalisa ba a tambaye shi ba.

AbbanHanifa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan lambar bodin a ina ake ganinta?

SarkinFaci:
Kifa keken. Yawanci tana ƙasan wurin da fedoji suke haɗuwa, an buga ta a jikin ƙarfe. Tsofaffi irin na Baba wani lokaci tana gindin sirdi. Ka goge dauɗar ka ɗauki hotonta a waya, ka sa mai shago ya rubuta ta a rasit.

UmmuSadik:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Keken yarona da yake zuwa makaranta da shi kusan kowane mako sai an yi masa faci, tayar baya kullum. Na fara zargin ko yaron ne ke haɗa baki da mai facin su raba kuɗin.

Bakatsine77:
Hajiya kada ki ɗauki alhakin yaro, ga shugaban masu facin nan ya amsa laifinsu.

SarkinFaci:
Hhh Hajiya, ba na kare kowa, amma akwai abin dubawa kafin zargi. Ki sa a fito da tif ɗin a gabanki ki ga inda facin suke. In duk a wuri ɗaya suka taru ta gefen da ke kallon titi, to akwai ƙaya ko ɗan tsinken waya da ya maƙale a cikin tayar, ana liƙe tif ana mayar da shi kan abin da ya huda shi. Sai an bi cikin taya da yatsa a hankali an zaƙulo shi. Tsidau ne babban mai wannan aikin, yara suna ratsa fili don yanke hanya su kwaso shi, ƙayarsa ta karye a cikin roba ba a ganinta daga waje. In hujin ta ciki ne, gefen rim, to robar da ke rufe kawunan sifok ta tsinke ko ta goce. In kuwa huji biyu ne a jere kusa da juna, ƙarancin iska ne: ya faɗa rami ko ya hau dakali, rim ya matse tif ya tsaga. Tayar baya ta fi shan wannan, balle in yana goyon abokai a kariya.

Wani lokacin ma ba huji ba ne, 'yar robar cikin bawul ce ta ruɓe. Ki ɗan shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa shi ne. Sannan akwai masu gaggawa a cikinmu, ban musa ba. Faci sai an kankare wurin, an shafa sulushan, an bar shi ya sha iska har ya daina sheƙi, sannan a manna. Wanda ya manna da danshinsa, rana tana zafi zai ɗaga.

UmmuSadik:
Goyon kam yana yi, har biyu nake hangowa. Na gode, Allah ya ƙara buɗi.

ƊanMaraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan rairayi ne matsalarmu, siririyar taya ba ta tafiya, sai mai faɗi. Amma ina da tambaya ga Sarki. Na sayi keken gwanjo na Turai irin waɗanda ake kawowa ta Kwatano, an rubuta 28 a taya. Na sayo sabuwar taya 28 a kasuwa, ta yi mashi yawa, tana zamewa daga rim. Mai kanti ya ce kekena ne ke da aljanu.

Injiniya_M:
Babu aljani. 28 ɗin iri biyu ne. Duba jikin tsohuwar tayar za ka ga wasu lambobi, misali 37-622 ko 40-635. Ta ƙarshen ita ce faɗin rim a milimita. Yawancin na gwanjon Turai 622 ne, su kuwa Phoenix da Hero da tsohon Raleigh, masu 28 x 1½, 635 ne. Bambancin milimita 13 ne kacal amma ba sa shiga wa juna. Masu hawan dutse na 26 kuma 559 ne. Ka tafi kasuwa da tsohuwar tayar a hannu.

ƊanMaraɗi:
Wallahi 622 na gani. Madalla da wanga bayani.

Bakatsine77:
Tunda an shiga gyara, ni baƙin mai nake ɗiga wa cen ɗina, kyauta nake samu wurin bakanike, kuma lafiya lau.

SarkinFaci:
Lafiya lau har zuwa hunturu. Baƙin mai ya riga ya kwashi garin ƙarfe daga inji, ga danƙo, ƙura tana sauka ta manne. Sai ya zama kana wasa haƙoran firiwil da yashi duk juyi ɗaya. Ana kawo min cen baƙi ƙirin ya yi kitse, in wanke da kananzir in ga haƙora sun zama ƙugiya. Ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ko sabon man inji kaɗan a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge na wajen da tsumma. A cikin gaɓa ake son mai. Masu sa man gyaɗa kuwa Allah ya shirye su, daskarewa yake yi.

Bakatsine77:
Man keken ɗinki ruwa ne, kwana kaɗan ya bushe. Ni dai ban bar baƙin maina ba.

BabaMaiRali:
Da kun bar wa keke rigar cen ɗinsa da ba ku yi wannan musun ba. Nawa a rufe yake ruf, ƙura ba ta ganinsa. Ku ne kuke cirewa wai yana ƙara.

Injiniya_M:
Wanda ke son sanin cen ya ƙare, ya sa tef ɗin tela. Daga fil ɗaya, wato ƙusar da ke haɗa gaɓoɓin cen, zuwa fil na 24 a gabansa inci 12 ne cif a sabo. In ya ƙaru da kusan milimita 3, ya gama, kuma mai yiwuwa ya tafi da firiwil. Kwado ma yana son kulawa: in ya fara cijewa, a kankare bakin fensir a hura a ramin, ya fi mai, don ba ya tara ƙura.

Auta_Fagge:
Duk kun manta babban ɓarawo, titi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 adaidaita suka cika ko'ina, kuma gefen da mai keke ke bi nan ne wurin tsayawarsu. Fasinja ya ɗaga hannu, direba ya yanko gabanka ba sigina ba komai. Yaya AbbanHanifa, kafin makulli ka duba birki. Masu birkin sanda da rim na ƙarfe in ruwa ya jiƙa su ka matse ka ji shiru, sai tayar ta juya ta juya kafin ya kama. Da damina ka fara matsewa tun daga nesa. Ka sa fitila gaba da ja a baya, masu caji sun yi araha. Makulli in ya gaza keke ka rasa, birki fa?

AbbanHanifa:
Gaskiya ne Auta. Amma bari in dawo da ku kan tambayata. Sarki ya ce a ɗaure da abin da aka kafa. Wurin aikinmu fili ne fetal, ba turke ba bishiya, sai ɗakin maigadi. Kasuwa ma haka. Me zan ɗaure da shi?

Bakatsine77:
Ka dai kula da irin abin da za ka samu. Maƙwabcina ya ɗaure nasa da ƙarfen wani allo da bai wuce kafaɗa ba, aka kwance allon aka zare keken ta sama, sarƙa da kwado suna nan a jikinsa ba a taɓa su ba. Wani kuma tayar gaba ya ɗaure, keken gwanjo mai 'yar marikar nan da ake buɗewa da hannu ba sufana, ya dawo ya tarar da taya ita kaɗai tana jiransa.

Hajiyayye:
Maigidana da maigadin ma'aikatarsu ya shirya. Gaisuwa, goro, ɗan na shayi ƙarshen wata, keken yana gindin tagarsa. A kasuwa kuma gaban shagon wanda ya sani. Ido ya fi ƙarfe a ganina.

Injiniya_M:
Maigadi yana salla, yana zagayawa, yana gyangyaɗi. Ku haɗu ku masu kekuna ku nemi izini, mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe a binne ƙafafunsa da siminti kusa da ɗakin maigadin. Buhun siminti ɗaya ya isa har ya yi saura. In babu, ku ɗaure kekuna biyu ko uku tare, kan wannan yana kallon bayan wancan, ba mai ɗagawa ya sa a adaidaita cikin sauƙi.

TsohonKurtu:
Na yi aikin ɗamara kafin in yi ritaya. Abu biyu. Mutum zai zo ya ce an sace masa keke, ka ce wane iri, ya ce baƙi. Ko an kama ɓarawo da kekuna a ɗaki, wanda ya zo da rasit da lamba shi ke tafiya da nasa. Bayan lamba, ka rubuta sunanka a 'yar takarda ka naɗe a leda, ka zare sirdi ka tura cikin bututun. Ana sake fenti, ana goge lamba, amma ba kasafai ake leƙa can ba. Na biyu, ku masu son araha ku ne kasuwar ɓarayi. Yaro ya kawo maka keke rabin kuɗi da magariba, ba rasit, ka ce Allah ne ya kashe ya ba ka. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a doka. Kuma don Allah in an kama a miƙa wa hukuma, a daina dukan kawo wuƙa. An sha illata wanda bai ji ba bai gani ba saboda ihu ɗaya.

NaGwarzo:
Ni fa har yanzu ina bayan abokin AbbanHanifa. Kekena ba madigadi, sirdi da igiyar roba na ɗaure shi, feda ɗaya sandar ƙarfe ce kawai. Ko makulli ban mallaka ba, ko'ina nake yar da shi, ba wanda ya taɓa kallonsa.

SarkinFaci:
NaGwarzo, naka 'yan gwangwan ne za su ɗauke shi, su a kilo suke saye.

ƊalibinHolan:
Yana da hujja fa, dabarar tsohon keken tasha ke nan. Sai dai a bar muni a fenti, kada a kai shi birki da taya.

UmmuSadik:
Tambaya ta ƙarshe. Yaron nan ya zubar da ɗan makulli ya fi a ƙirga. Mai lambobin nan da ake juyawa fa?

SarkinFaci:
Masu arahar, in aka ja waya aka riƙa juya lambobin a hankali ana jin inda suke faɗawa, 'yan ajinsu ma za su gano. Ki sayi kwado mai 'ya'ya uku, ɗaya a zare a wuyansa, biyu a wurinki.

Bakatsine77:
Zaren ma zai zubar, Hajiya. Ki ɗinke masa a aljihun wando.